Allurar Yaya

Auta ya naɗe tabarmarsa, ya zuba kofi da cokali a leda. Gadon ƙarshe, na jikin taga, an riga an yaye masa zani. Kayan Umma ya zo kwashewa, shi kaɗai, kamar yadda ya yi jinyarta shi kaɗai.

Tun farko ƙugunta ne ya karye, aka yi mata aiki. Auta ya rufe shagon ɗinkinsa ya tare a asibitin. Shi ke juya ta, shi ke wanke mata zani, shi ke yi mata fifita har hannunsa ya sage. Amma in raɗaɗi ya taso, ba shi take kira ba. Yaya take kira.

Yaya nas ne a ɗakin, shi ya sa ma aka kawo ta nan, wai ta kwanta a hannun na gida. Mutum ne mai sanyin magana, kullum cikin riga mai dogon hannu ko ana zafi kamar a gasa mutum. Yakan ɗauko allurar kashe raɗaɗi, ya biya ta banɗaki ya wanke hannu, sannan ya zo.

"Ta yayanka ce kawai ke kama ni," in ji Umma. "Kai Auta, je ka sha iska, ka tsaya min a kai kamar mai gadi."

Sai ya fita baranda ya zauna, abin yana ci masa rai. Wahala tasa, kira na wani. In ya dawo, ya tarar ta kifa fuska a matashin kai, shiru, ko motsi ba ta yi. Ya ce a ransa, ko ba komai tana samun barci.

Ciwon ya fara haɗewa, sai zazzaɓi ya shigo. Wurin da ake saka mata allura ya kumbura ya yi ja. Ta riƙa karkarwa har gadon yana ƙara. Kafin magani ya kama, ta tafi.

Likita ya kira Auta gefe. Ya ce ƙwayar cutar da ta shiga jininta irin ta ruwan famfo ce. Suna zargin akwai ma'aikacin da ke yi wa kansa allurar marasa lafiya, ya cika sirinjin da ruwa, ya soka musu da tsinken da ya fito daga jikinsa.

"Ba dai tata ba, likita," in ji Auta. "Yayana ke yi mata. Ana yi take barci."

Yanzu ga shi ya ɗaga matashin zai cusa a buhu. Da ya juya shi, sai ya ga rigar ta yage a gefe guda, audugar ta dunƙule ta yi tauri, duk shatin haƙora.

Tsohuwar da ke gado na kusa tana kallonsa. Ta riga Umma zuwa ɗakin, ba mai zuwa duba ta, Auta ne ke ɗebo mata ruwa.

"Ɗan nan, kafin uwarka ta zo, mata nawa zazzaɓin nan ya kwasa a ɗakin nan. Tun da ta zo, bai sake taɓa kowa ba."

Auta ya shafa wurin haƙoran da yatsa.

"Ko sau ɗaya ba ta yi barcin nan ba," in ji tsohuwar. "Washegarin zuwanta yayanka ya nufo ni da sirinji, hannun rigarsa ya zame, ta gani. Ta aike ka waje, ta miƙa masa hannunta ta ce: 'Zo nan. Tawa za ka riƙa sha, ruwan kuma ni za ka yi wa. Ka bar iyayen mutane.'"