Yunit Uku Suka Hana Marisela Fita

Saura kwana goma sha tara a yaye 'yan ajinsu aka kira Marisela Quintanilla ofishin rijistara. Ta tafi da fara'arta, a zatonta batun rigar bikin yaye ne.

Tana shekarar ƙarshe a wata makarantar lauyoyi a jihar Ohio, kuma ita ce mataimakiyar babban edita a mujallar shari'a da ɗalibai ke fitarwa. Shekara biyu ta yi tana gyara rubutun manyan farfesoshi, tana bin kowace hujja har ɗakin karatu don ta tabbatar da ita. Har aiki ta samu a ofishin lauyoyin da ke kare marasa ƙarfi, da sharaɗin ta zauna jarrabawar zama lauya a watan Yuli.

Misis Halvorsen, ma'aikaciyar ofishin, ta juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Yunit tamanin da takwas ake buƙata kafin a yaye ɗalibi. Naki tamanin da biyar ne."

Marisela ta yi dariya. "Tamanin da tara ne, Misis Halvorsen. Na lissafa ya fi sau goma."

"Har da huɗun da mujalla ta ba ki bana?"

"Ƙwarai. Ai na yi aikin."

"Kin yi. Amma a yunit ɗin da ake samu a wajen aji, takwas kawai makarantar nan take karɓa. Horon da kika yi a kotu ya ci shida, mujallar bara ta ci biyu. Na bana ba su da wurin shiga."

"To ai ga su nan a takardata."

"Suna nan. Ba sa cikin lissafi ne."

Marisela ta ƙura wa kwamfutar ido. Yaya abu zai kasance yana nan kuma ba ya nan? Ta fito tana ƙirge da yatsu, kowane ƙirge da amsar da yake ba ta.

A watan Janairu ne aikin mujallar ya taru ya yi musu yawa. Babban edita, Dashiell Brandvold, wanda ɗan ajinsu ne, ya ce mata, "Ki ajiye darasin dokar haraji mana. Mujalla za ta cike miki gurbin, kowa haka yake yi." Ba ta tambayi kowa ba, ta ajiye. Yunit uku ne darasin.

Daga ofishin rijistara ta wuce ofishin mujallar, ta sami Dashiell yana cin fiza, gurasar Turawa mai cuku, a kan tulin takardu.

"Dash, ka ce min mujalla za ta cike."

"Ai ni ta cike min."

"Ka yi horo a kotu?"

Ya daina tauna. "A'a. Me ya haɗa kotu da mujalla?"

Wata 'yar aji biyu ta ɗago daga kwamfutarta ta ce ita goma ta ji ana karɓa. Wani ya ce ai an soke wannan dokar tun bara. Wani kuma ya rantse fom ne kawai ake cikewa, shi ke nan. Dashiell ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ya ce, "Haba babbar lauya, ke da kike kama wa farfesoshi kuskuren waƙafi, wannan ne zai gagare ki?" Babu wanda ya yi dariya.

Ta je wurin Farfesa Abernathy, mai kula da mujallar. Ya ce shi sa hannu kawai yake yi, ta je ta ga shugaban tsangaya. Shugaban ya saurare ta har ta gama, sannan ya buɗe littafin dokokin makaranta, ya nuna mata sakin layi ɗaya. Layi uku ne kacal. An ba ta littafin tun ranar da ta shigo makarantar, bai taɓa fita daga ledarsa ba.

"Za ki iya ɗaukar darasi ɗaya a lokacin hutu," in ji shi. "A watan Agusta ake gamawa."

"Jarrabawar lauyoyi fa a Yuli take."

"Sai dai ta Fabrairu. Sai wanda ya kammala ke zama."

Ofishin da ya ɗauke ta ya ce ba zai iya jira ba, akwai masu shari'a a tsare suna jiran lauya. Aka ba wani gurbin.

Ta kira mahaifinta, mai aikin rufin gidaje a can garin Laredo mai nisa, wanda ya riga ya ɗauki hutun mako guda ya gyara motarsa don tafiyar kwana biyu.

"Baba, kada ku taho."

"Faɗuwa kika yi, 'yata?"

"A'a, Baba. Na ci komai."

"To korar ki suka yi?"

"Ba su kore ni ba."

"Ba ki faɗi ba, ba a kore ki ba, kuma ba za a yaye ki ba? Ni fa ban gane ba."

Can ta ji yana ce wa mahaifiyarta a hankali, "Ki gaya wa su Gwaggo kada su taho."

Ranar bikin, Dashiell ya hau dandamali aka tafa masa. Marisela tana ɗakin karatu, ita kaɗai a bene na uku, da littafin dokar haraji a gabanta.

Ɗalibi, duk aikin da za ka ɗauka a makaranta, komai darajarsa, kada ya sa ka ajiye darasi a kan "an ce". Ka karanta dokar da idonka, ka je ofishin da ke da alhaki ka tambaya tun da sauran lokaci, domin ranar da lissafi ya ƙi fita, wanda ya ba ka shawara ba zai tsaya tare da kai ba.