Ɗalibar da Ta Hito da Jarka

Don Allah don Annabi, duk wanda yag ga wagga takarda kar shi hwaɗi sunana. Aji huɗu nit tsaya, ku yi haƙuri da rubutun. Yarinyar da za ni ba ku labarinta, mu ce da ita Hajo.

Damina biyu ke nan ruwa bai yi ba. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Unguwarsu Hajo, bakin garin Isa, rijiya guda tar rage mai ruwa. Wani Alhaji yas saye hilin, yag gina ma ɗiyan manya masu karatun jinya gidan kwana mai hawa biyu, yaz zagaye shi da katanga, rijiyar na ciki. Bisa katanga anka dasa hwasassun kwalabe. Ciki akwai sola da tanki. Bakin ƙohwa har huranni anka shuka, ana ba su ruwa sahe da marece.

Ɗaliban ba a ganin huskarsu. Koren hijabi har ƙasa, da niƙabi. Ɗan unguwa ba shi shiga. Mai gadi, Jibrilla, da dorina shike zama.

Mata sai su jera jarkoki bakin kwatar da ruwan wankan ɗalibai ka hitowa. Kowane gida na ɗaure tsumma ga hannun jarkarsu don kar a rikita layi. Na su Hajo jan ƙyalle ne daga tsohon zanen Inna, yayarta Habi ka ɗaure shi, ƙulli biyu.

Ruwan kwatar nan ƙanwarsu Maijidda tas sha. Kwana uku tana zawo, na huɗu anka kai ta makwanci.

Habi ka yi ma ɗaliban guga, don sola ba ta jan dutsen guga. Jibrilla shi miƙo mata ƙunshin kaya ta ƙaramar ƙohwa, ta kai gida ta goge da gawayi. Bayan rasuwar Maijidda sai tar riƙa dawowa da ruwa garai-garai.

"Ina kis samo shi?" in ji Inna.

"Wata ɗaliba mai tausai. Ku sha ku yi shiru."

Wata Laraba wajen azahar, Jibrilla yat tarar da maƙwabciyar su Hajo, Ruƙayyatu, da tsohon ciki, ta zura kwano ta ƙarƙashin ƙohwa tana taren ruwan da ka ɗiga daga tiyo. Yat take hannun. Yay yi ta zuba mata dorina ga baya har tak kihe bisa cikinta, jini na bin ƙahwarta.

Nan take wurin yac cika, maza da sanduna, mata da taɓarya. Jibrilla yar ruga ciki yak kulle babbar ƙohwa. Anka shiga jihwar gilasan sama.

Sai ƙaramar ƙohwa tab buɗe. Wata ɗaliba tah hito, rungume da jarka cike, hijabi ya ruhe rabin jarkar. Tag ga taro tat tsaya cik. Tak kai hannu za ta ɗaga niƙabi, sai taw waiwayi tagar mai gadi, tas sauke hannun.

"Huranni za ta ba ruwa," in ji wata tsohuwa. "Mu ɗiyanmu na mutuwa."

Hajo tat tuna Maijidda. Tad ɗauki ɓallin bulo. Nata ne na hwarko, kuma ga goshi yas same ta. Ɗalibar tak kai ƙasa ko kuka ba ta yi ba. Sauran duwatsu sunka biyo. Wani yas sa sanda, wata tas sa taɓarya. Koren hijabin yak koma baƙi da jini.

Da anka ji jiniya kowa yaw watse. Hajo tas suri jarkar tar ruga, don ruwa ba a barinshi. Ba ta dube ta ba sai cikin ɗaki.

Motar Alhaji tad ɗauke gawa. Washegari yas sa anka yi shela, wai ɗalibanshi sun cika, ba wadda tab ɓace. Mutane sunka ce ƙarya shikai don kar iyaye su kwashe ɗiyansu.

Ba ƙarya shikai ba. Tun ran nan Habi ba ta dawo gida ba.

Ina jin takun Inna. Ta dawo daga bakin hanyar Bafarawa, kullum can take zuwa ta tsaya, wai ɓarayin daji sunka ɗauke mata Habi kuma za su sako ta. Bari in tura takardar nan ƙarƙashin gado inda nib ɓoye jarkar, ban ko iya taɓa ruwan ba, jan ƙyallen na nan ga hannunta, ƙulli biyu, yadda Habi ka