Bishiyar da Mama ta Dasa

"Cynodon dactylon," in ji likita, yana duba sakamakon gwajin 'yata. "Ƙurar furensa ce ke toshe mata numfashi."

"Likita, wannan kuma wane yare ne?"

"Sunan kimiyya ne." Ya nuna min hoto a waya. Ashe ciyawar bayan katangarmu ce.

'Yata ta yi dariyarta ta farko tun da aka kwantar da ita. "Ka gani ko, Baba? Na ce maka ba bishiyar da Mama ta dasa kafin ta rasu ba ce! Ana sallamata, a inuwarta zan kwanta."

Na tura hannuna aljihu. Bororon da gatarin da na sare bishiyar da shi jiya ya yi min a tafin hannu ko fashewa bai yi ba.