Kujerata Tana Kicin

"Kada ka fito!" Baba ya daka mini tsawa daga falo.

Ana lallasa ƙungiyarmu a ƙwallon Amurka, na ce mai jefa mana ƙwallo hannun taliya gare shi, na shiga kicin ɗebo fukafukan kaza. Ina shiga ya jefa, aka cafke, muka ci.

"Baba, leƙawa kawai zan yi."

"Leƙa tukunya! Ashe kai ne mai farar ƙafar, ɗan nan."

Daga bakin murhu na ji ihun farkewarmu, har muka yi nasara.

Yanzu duk gari cewa ake yaron gwani ne. Wataƙila. Ni dai ban taɓa ganin jifarsa mai kyau ba. Duk Lahadi ina kicin.