Lambar da Kakata Ta Goge

Ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, a Arlit, ranar da Baba ya kira ni ɗakinsa bayan la'asar ya rufe ƙofa. Ya buɗe gwangwanin marigayi kakana, wanda ya yi sojan Faransa bayan babban yaƙi, ya fiddo wata lambar tagulla mai hoton dabino da tauraro.

"Kai ne mai karatu," ya ce. "Duba ka faɗa mini inda aka kai tsohona shekara bakwai. Har ya rasu bai faɗa ba."

Na kai ta bakin taga ina jujjuyawa. Tana ƙanshin lemun tsami. Duk Juma'a kakata takan goge ta da toka da lemo don girmama mijinta, har haruffan da ke jikinta suka shafe. Saura R guda ɗaya.

"Baba, ba ta karantuwa."

"Sake dubawa dai."

Haka na tsaya har magariba, shi kuma yana jingine da ƙofa yana jira.

Yanzu lambar tana wurina. Na bincika littattafai, na tura hotonta wurare da yawa, shiru. Baba ya tsufa yana ganin ni ne na kasa. Har yau ban iya gaya masa hannun mahaifiyarsa ne ya share amsar ba.