Maratayin Gangar Noma

Zaren ya sake harɗewa. Malam Dabo ya zuba masa ido, hannu biyu a kan gwiwa, kamar wanda ya fasa tulun aro.

A ido aikin ba wuya. Zaruruwa ne ja da fari da baƙi, bakinsu ɗaya a ɗaure a turke, ɗayan a ƙugun mai saƙa. An zura su cikin wasu 'yan fatu masu tauri, kowace da huda a kusurwoyinta huɗu. Ka juya fatun, zare ya buɗe baki, ka wuce da na gicciye, ka danne da ɗan katako. Haka ake yin maratayin ganga ko na burgami, wanda zai tsufa a kafaɗa bai tsinke ba. Amma kafin Malam Dabo ya danne, ya manta ko gaba ya juya ko baya.

Mai koya masa, Ikrima, magidanci ne marar yawan magana. Ko sau ɗaya bai ɗaga masa murya ba.

"Ba komai, Baba. Mu warware."

Wannan haƙuri ya fi faɗa ciwo. Malam Dabo ya san matsayinsa: tsoho ne marar sana'a, yana zaune a zauren mutane a wani ƙauye gabas da Makoda. Da safe an kawo masa koko da ƙosai, matar gidan har da aiko masa ruwan ɗumi. Masu wucewa gona suna tuɓe takalmi su durƙusa su gaishe shi, ya kuwa san darajar gidan ce ta shafe shi. Abin da yake so bai wuce ya saƙa maratayi ɗaya ba, don kada a ce ci kawai ya zo yi.

A jikin bango akwai wani tsohon maratayi a rataye. Launinsa ya koɗe, amma zanensa na nan, ya kwanta gefe guda kamar gero idan iska ta bi ta kansa. Malam Dabo ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya saƙa wancan?"

"Mahaifina. Zauren nan nasa ne. Fatun da ke hannunka ma nasa ne."

"Ya rasu?"

"Yana nan."

"Tafiya ya yi ke nan."

Ikrima ya sunkuya yana gyara turken da ba abin da ya same shi. "Muna dai jiransa," in ji shi.

Daga nan gaban tsohon bai daina faɗuwa ba. Mai zaure zai dawo ya iske baƙo a kan buzunsa, bahago kuma, yana ɓata zare da kayan da ya shekara yana tattali. Fatun sun yi santsi don riƙo, har sun lotsa daidai inda babban yatsansa na hagu yake sauka, shi ya sa ya ƙara jin nauyinsu. In an ce ya tashi, ina zai nufa? Ya laluba a ransa ko akwai wata ƙofa da zai yi sallama. Bai samo ko ɗaya ba.

Bayan azahar aka kira Ikrima cikin gida, wai akuya ta tsinke. Malam Dabo ya gaji da ƙoƙarin tunawa. Ya jingina da bango yana kallon dawar da ta kai ƙirji a bakin hanya, ya bar hannuwansa suka yi ta motsi. Da ya sauke ido, sai ga saƙa ta kai tsawon tafin hannu, a matse, ba harɗewa.

Murnarsa ba ta daɗe ba. Na Ikrima zanensa a tsaye yake, nasa kuwa ya karkace. Ya share ido da bakin riga, ya fara warware saƙar tun kafin wani ya gani.

Babur ya tsaya a ƙofa. Isyaku ne, makaɗin gangar noma, da tsinkakken maratayi a hannu, ga gayya ta matso. Ya yi sallama, ya durƙusa, sai idonsa ya faɗa kan saƙar.

"Kai! Kada ka warware, don girman Allah!" Ya juya wajen ƙofar gida. "Ikrima! Bar akuyar nan ka zo ka gani! Mai zaure ya dawo!"

Malam Dabo ya kwance zaren daga ƙugunsa, ya jera fatun a kan buzu yadda ya same su, ya miƙe yana neman takalmi. Ikrima ya shigo da gudu.

"Ka ba shi haƙuri," in ji tsohon. "Ka ce ban ɓata da yawa ba. Yanzu zan tafi."

Ikrima ya ciro tsohon maratayin daga bango, ya shimfiɗa shi kusa da sabuwar saƙar. Zanen biyu suka kwanta gefe guda, ba mai rarrabe su. Sannan ya durƙusa, ya riƙe hannun hagun nan na tsohon, ya faɗa a hankali, kamar yadda ya faɗa jiya, kamar yadda zai sake faɗa gobe da safe: "Zauna, Baba. Kai muke jira."