Ranar da Baba Iro Ya Tare Ƙofar Shagonsa

Ina 'yar shekara takwas, Inna ta aike ni sayo kananzir a shagon Baba Iro da ke Gazara, bayan la'asar. Yana cikin auna mini sai wani baƙo ya faɗo shagon a guje, goshinsa na zubar da jini. Mutane na biye da shi da sanduna, suna ihun ɓarawon akuya.

Na maƙale bayan buhun sukari. Kwalbar ta kife a zanena, warin kananzir ya cika mini hanci, sai na ji wani a waje yana cewa a kawo ashana. Ko kuka na kasa.

Baba Iro ya tsaya a bakin ƙofa, ya ware hannuwansa.

"Akwai yarinya a ciki," ya ce. "Ko babu ita ma, ba mai taɓa shi sai Mai Unguwa ya zo. Kai Sale, ajiye sandar nan."

Sale ya ajiye, saura suka bi. Kafin magariba aka ga akuyar a gonar dawa.

Da Baba Iro ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, kowa na cewa bai san tsoro ba. Ni da nake tsugune a ƙasa ranar, na ga yadda gwiwoyinsa ke rawa. Amma bai matsa ba.